An Ƙwace Mini Feshin Barkono, Mai Wuƙa Ya Wuce

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Barira daga Magama, ina fataucin busasshen barkono tsakanin Jibiya da Maraɗi.

Bara wani ɗan kabu-kabu ya kauce hanya da ni cikin gonaki da rana tsaka, Allah ya sa manoma suka ji ihuna. Shi ya sa ƙanena ya sayo mini ɗan gwangwanin feshin barkono, wanda ake fesa wa mugu a ido a samu a gudu.

Ran kasuwar da ta wuce, a wani shinge kafin iyaka, jami'i ya zazzage jakata ya ɗauke gwangwanin. Ya ce, "Hajiya, wannan makami ne." Na ce, "Yallaɓai, wace doka ta hana?" Ya ce in wuce tun yana ganin girmana. Muna tsaye wani mutum ya gifta da wuƙa a ƙugu, gaisawa kawai suka yi.

Wallahi har yanzu raina bai huce ba. Ranar da aka kauce da ni, ina jami'in yake?

Don Allah ku gayyato lauya ya faɗa mana gaskiya. Doka ta hana ne, ko izini ake nema? Idan na tsallaka Nijar fa?

Ina gaida matan da muke bin hanyar Maraɗi tare. Kafin lauya ya zo, na daka barkonona na ƙulle a bakin mayafi. Wannan kam sai dai su ƙwace buhunan duka.