Ƙwai Shida da Safe

A ɗakin jiran likitan ƙoda, wata dattijuwa ta dubi kular abincin da matar kusa da ita ta rungume.

"'Yata, na wa kika riƙo?"

"Na maigida ne, Mama, yana ciki ana ɗibar jininsa. Mahauci ne fa, amma wata uku ko tsoka ɗaya ban bari ya taɓa ba. Likita ya ce a rage nama, ƙodar ta gaji."

"To me kike ba shi?"

"Ƙwai shida da safe, kifi da rana, madara kafin ya kwanta. Mutum ya rame kamar ba shi ba."

"Shida? Kin gaya wa likitan?"

"Ai nama ya ce."

"Wayyo 'yata! Nama da ƙwai da kifi da madara duk aiki ɗaya suke ɗora wa ƙodar, da awo ake bayar da su. Ni ma haka na yi wa nawa mijin, a ɓoye."

"Ya samu sauƙi?"

"Yana can kan injin wankin ƙoda. Yanzu sun ce in ba shi naman, ga shi ko ƙamshinsa ba ya so."

Matar ta tura kular ƙarƙashin benci.

"Mama, in an kira mu ki raka ni. Bakina ba zai iya faɗa ba."