Abin da Mai Rumbu Ya Bar wa Sashen Jini

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban hukumar gudanarwar asibiti, ranka ya daɗe. Babban likitanmu da shugabannin sassa. Malamanmu da suka buɗe mana wannan zama da addu'a. Shugaban ƙungiyar masu ba da jini kyauta, da mambobinsa da na ga sun cika kujerun baya. Inna, mahaifiyar marigayi, Allah ya ƙara miki lafiya da juriya. Yayansa, wanda nauyin gida ya dawo wuyansa. Maman 'Yan Biyu, uwar 'ya'yansa, da ku yaran. Abokan aiki, maƙwabta da 'yan uwa, assalamu alaikum.

Ni ce shugabar sashen ajiyar jini. Ba don na fi kowa iya magana aka tsayar da ni a nan ba. Duk asibitin nan babu wanda ya kai ni yin rigima da marigayi, shi ya sa hukuma ta ga gara in zo in amsa laifina a gaban jama'a.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya shigo sashenmu a matsayin injiniyan kwamfuta. Ya tarar da sunayen masu ba mu jini a littattafan rajista goma sha huɗu, wasu ɓera ya ci gefensu. Idan ana neman mai wani rukunin jini, mutum biyu ne za su zauna suna lasar yatsa suna juya shafi, majinyaci yana can yana jira. Ya zauna ya shigar da sunayen nan ɗaya bayan ɗaya cikin na'ura, da lambar waya da unguwa da rukunin jinin kowa, ya ce mana wannan shi ake kira rumbun bayanai. Daga ranar muka sa masa Mai Rumbu. Sunan ya bi shi har masu gadin ƙofa ba su san yana da wani ba.

Ya kasance mai ƙarancin magana, amma idan ya tambaye ka lafiyar gida, amsar yake jira. Ya kasance ba ya iya wuce famfo yana ɗiga ko ƙofa tana ƙara bai tsaya ba, har ma'aikatan gyara suka taɓa kawo mini ƙararsa wai zai raba su da aiki. Ya kasance duk wata uku sai ya naɗe hannun riga an ɗebi jininsa, ya tashi ya koma kan kujerarsa da auduga manne a gwiwar hannu. Ya kasance idan na yi masa faɗa ba ya mayar mini, sai washegari in tarar ya yi abin da ya ce zai yi, kuma abin takaici, ya yi daidai.

Rumbun nan nasa a na'ura ɗaya yake, cikin ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala. Duk wanda ya yi aiki da mu ya san ɗakin: fanka biyu, kujera mai ƙafa uku da rabi, da ƙofar da ake tokarewa da bulo don iska ta shiga. Ranar da babu cunkoso na'urar lafiya lau take. Amma da zarar mutum ɗari biyu sun shiga shafinmu na intanet a lokaci guda, sai ta cije. Idan ta cije kuwa, mutum ɗaya ne a duniya ya san lallashinta. Mun kira shi yana tsakiyar cin abinci. Mun kira shi yana makarantar 'yan biyu ranar da ake ba su kyauta. Mun kira shi daga jinyar Inna. Bai taɓa cewa ku jira ba, mu kuma ba mu taɓa jin kunya ba.

Akwai safiyar da ba ma son tunawa, amma ba zan iya ba ku labarinsa in tsallake ta ba. Shekara biyu da suka wuce aka kawo wata mai haihuwa tana zubar da jini, rukunin jininta irin wanda ba a cika samu ba. Muka sa aka yi cigiya a rediyo. Jama'a suka amsa, Allah ya saka musu, suka afka shafin gaba ɗaya don yin rajista, na'urar ta tsaya cak. Ba mu iya buɗe ko sunayen da muke da su ba. Sai bayan awa uku Mai Rumbu ya tashe ta. Sunan farko da ya fito na wani tela ne da shagonsa bai fi tafiyar minti biyar daga ƙofar asibiti ba. Telan ya taho da gudu, tef ɗin awo a wuyansa. Ya tarar jaririn yana raye, uwar ta riga ta cika.

Babu wanda ya ɗora wa Mai Rumbu laifi. Shi ne ya ɗora wa kansa.

Bayan wata shida ya zo taron shugabannin sassa da takarda. Ya ce a kwashe rumbun daga ƙarƙashin matakala a kai shi hannun ɗaya daga cikin kamfanonin da aikinsu ke nan, masu manyan ɗakunan na'urori da masu kula da su kowane lokaci, wanda ake kira ajiyar gajimare. Su za su riƙa gyara, su yi kwafi, su sauya abin da ya tsufa. Babban abin kuma, rumbun zai riƙa faɗaɗa kansa gwargwadon jama'ar da suka zo. Ya ga muna kallon juna, sai ya ce:

"Ku ɗauka tagar karɓar kati ce. Kullum ɗaya ce a buɗe. Idan layi ya yi tsawo, ta biyu za ta buɗe da kanta, ta goma, ta ɗari, ba sai an kira kowa ba. Layi ya ragu, su rufe kansu."

Babban likita ya ce, "To idan gobara ta kama kamfanin fa?"

"Ranka ya daɗe, kwafi uku suke ajiyewa a garuruwa uku. Namu ɗaya ne, kuma bututun banɗakin bene ta kansa ya bi."

Aka yi dariya, ban da ni. Na ce sunayen mutane ne da sakamakon gwajinsu, amana ce aka ba mu, ba zan miƙa ta ga wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Ya ce, "Anti, a kulle za su tafi, a kulle za su zauna. Ko ma'aikacin kamfanin ya leƙa, haruffa zai gani a hargitse. Makullin yana wurinmu."

Sau biyu ina hana takardar nan wucewa. A karo na uku ya same ni a ofis, ya zauna ya nuna mini komai har na gamsu, amma bakina bai mutu ba. Na ce, "Ƙanena, gaya mini gaskiya. Wannan gaggawar, ko wani aiki ka samu kake shirin gudu ka bar mu?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kusan haka, Anti."

Ban sani ba ashe mako biyu kafin nan ya karɓi sakamakon gwajin hantarsa, daga ɗakin gwajin da bango ɗaya ya raba da ofishina. Maman 'Yan Biyu kaɗai ya gaya wa. Wannan maganar tawa na daɗe ina juya ta a raina. Na nemi gafararsa yana da rai, ya ce shi dariya ta ba shi, don a duk asibitin ni kaɗai na canka.

Wata huɗu ya yi yana kwashe rumbun. Muna ganin rigarsa tana yi masa yawa, muka ce aiki ne. Ya ƙirƙiri taron mutane na gwaji, dubu ashirin, ya turo su shafin a lokaci guda don ya ga ko zai ɗauka, ya maimaita har sau bakwai. Ranar da ya gama ya kira ni ɗan ɗakin nan, ya ce ni zan kashe tsohuwar na'urar tunda ni na fi sonta. Na danna. Fankokin cikinta suka yi shiru. Ya miƙo mini ambulan, an rubuta "A buɗe ranar cunkoso" a bayanta, sannan ya miƙa wa babban likita takardar hutun jinya.

Maman 'Yan Biyu, wata huɗun nan naki ne, mu muka cinye su. Ba mu san muna ci ba, amma mun ci, kuma muna roƙon ki yafe mana. Abin da ke sanyaya mana rai shi ne maganar da kika gaya mini ranar da na je duba shi a gida. Kika ja ni gefe kika ce, "Anti, wata biyar ke nan wayarsa ba ta katse masa abinci ba. Tunda muka yi aure ban taɓa samun sa haka ba." Na leƙa falo na gan shi a ƙasa, ya jingina da kujera, 'yan biyu sun baje littattafai a cinyarsa, babbar 'yarsa tana yanke masa farce. Ya samu wannan, kuma da hannunsa ya samar wa kansa.

Ciwon ya tsananta daga baya. Wanda ya gani ya san ba ƙaramin abu ya ɗauka ba. Da Allah ya karɓi abinsa wata safiyar Lahadi, Inna tana riƙe da hannunsa, mun yi kuka, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai sauƙi a cikin kukan. Ya huta.

Mako uku bayan mun kai shi makwancinsa, ranar Talata da hantsi, doguwar motar fasinja ta yi karo da babbar mota a mashigar gari. Aka kawo mana mutum arba'in da ɗaya. Jinin da ke firjinmu bai isa mutum goma ba. Babban likita ya ce a yi cigiya a rediyo. Ni kuwa na san abin da cigiya ta taɓa jawo mana. Ban ankara ba sai na ga waya a hannuna, yatsana a kan lambar Mai Rumbu.

Na ajiye wayar, na jawo aljihun tebur na yage ambulan. Shafi huɗu ne. A na farko layi biyu kawai ya rubuta: "Kada ku taɓa komai. Ku je ku ɗebi jini."

Ban tafi nan take ba, na tsaya gaban allon kwamfuta. Shafin da bai wuce mutum sittin a rana ba, ina kallo ya kai ɗari biyu, inda tsohuwar take cijewa. Ya wuce ɗari biyar. Ya wuce dubu uku. A gefen allon wata 'yar lamba tana ƙaruwa ita kaɗai, tagogin nan ne suke buɗewa ba mai taɓa su. Na nemi masu rukunin jinin da ya fi mana wuya, kafin in ɗauke hannu sunaye tamanin da shida sun fito, na kusa da asibiti a sama. Cikin awa biyu mutum dubu goma sha tara suka shiga, shafin ko tari bai yi ba. Babban likita da ke tsaye a bayana ya zauna a kan kwandon shara da ya ɗauka kujera ce. Sannan muka tafi muka yi abin da aka umarce mu.

Layin masu ba da jini ya fita ƙofa ya zagaye katanga. A cikinsu na hango Yayansa, mutumin da duk dangi sun san ko allurar rigakafi sai an bi shi. Na ce, "Yaya, ka tabbata?" Ya ce, "Ki yi sauri kafin hankalina ya dawo." Ya ba da leda guda cif, sannan ya suma cikin mutunci. Inna ma ta zo. Muka ce shekarunta sun wuce, ta ce to a ba ta kujera. Ta wuni tana riƙe hannun masu tsoron allura tana yi musu hira.

Mun rasa mutum uku a ranar, Allah ya jiƙansu, raunukansu sun fi ƙarfin likita. Amma babu ko ɗaya da ya tafi yana jiran jini. Talatin da takwas sun koma gidajensu. Kafin la'asar jama'a suka ragu, tagogin suka rufe kansu, aka koma ɗaya kamar ba a yi komai ba.

Inna, kin haifi ɗa, kin kuma yi tarbiyya, mu shaidu ne. Yaya, ba kai kaɗai za ka ɗauki yaran nan ba, ƙofar sashenmu a buɗe take gare su. Ku kuma yara, watarana za a tambaye ku wane aiki babanku yake yi, za ku rasa yadda za ku yi bayani, don mu ma da muka zauna da shi sai da muka sha wuya. Ku ce akwai mutanen da suke cin abinci da iyalinsu yau saboda shi. Wasunsu suna cikin wannan zauren, sun roƙe ni kada in nuna su. To, ga ɗaya can ya miƙe da sandarsa. Zauna, Malam, ƙafar ba ta gama warkewa ba. Sun gan ka.

Muna gode wa hukumar asibiti da ta shirya wannan zama, da ƙungiyar masu ba da jini, da direbobi da masu shara da masu gadi da suka bar aikinsu suka zo, da duk wanda ya tako.

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka da gajiyar jiki, ka hutar da shi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Duk wani rai da aka ceta ta hanyar aikinsa, jiya da gobe, ka kai masa ladan inda yake. Ka ba mahaifiyarsa da matarsa haƙuri, ka raya 'ya'yansa cikin albarka. Mu da muka rage, ka sa mu gama namu aikin kafin a kira mu.

Amin. Na gode.