Gwadon Abarshi

Bakin hanyar Kaduna a Birnin Gwari, da sassafe, shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Burma. Wata tsohuwa da ƙunshi a cinya tana jin ɗumin wuta kusa da wani soja mai jiran mota.

"Ɗana, can inda kuka yi yaƙin, da me kuke rufa in sanyi ya shigo?"

"Wane sanyi, Iya? Dajin can ruwa ne da zafi. Har cikin barci gumi muke yi."

"Ikon Allah! Ɗana Abarshi yana can. Tun yana ƙarami sanyi ke kama masa ƙirji. Duk shekara sai na saƙa masa gwado, in ba direba, in ce a kai yaƙi."

"Direban ya ce miki yana kaiwa?"

"Karɓa dai yake yi. Wannan ne na uku."

"Abarshin ya taɓa aiko saƙo?"

Ta shiga murza bakin ƙunshin.

"Ka dai tabbata ba ya jin sanyi?"

"Na tabbata, Iya."

"To ungo, rufa. Tun ɗazu nake jin haƙoranka suna haɗuwa."