Dalmar Batir Ta Shiga Jinin Ɗiyata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara, daga wani ƙauye kusa da Argungu, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Ruwan dam muke sha. Kullum sai na tafasa shi na tace, yadda kuke faɗa muna a rediyon ga. Duk da haka ɗiyata Balki ta kama ciwon ciki, ta rame, ko karatun allo ta daina riƙewa. Da munka kai ta asibiti a Birnin Kebbi anka gwada jininta, likita ya ce gubar dalma ce, kuma tafasawa ba ta fitar da ita.

Ashe wasu ne ke fasa tsofaffin batiran mota a bakin dam, su narka dalmar don ƙara wa komar kamun kifi nauyi, su wanke dattin a cikin ruwan. Maigidana ya yi musu magana, sunka ce sana'arsu ce. Sana'a? To mu shan ruwa laifi ne?

Malam, ka tambayar muna masana. Tunda wuta ta kasa, mi zan ba Balki ta sha gobe da safe?