Ƙuri'ar Yaya Dauda

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Rifkatu. Kun san ni a matsayin matar Malam Yohanna da ke koyarwa a unguwar Soba nan Khartoum, amma ba ku san kayan da na ɗauko daga Najeriya ba. Gaba na ɗauko, da wana uwa ɗaya uba ɗaya.

A gida ni ce shugabar matan jam'iyyarmu ta ƙaramar hukuma. Da zaɓen fidda ɗan takarar gwamna ya zo, mutum biyu suka fito, na bi ɗaya da dukan zuciyata. Na raba atamfa mai hotonsa, na tara mata, na yi waƙa har muryata ta dushe. Na sha barin sujada ranar Lahadi saboda taro.

Yaya Dauda yana cikin wakilan da za su jefa ƙuri'a. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, a kekensa na yi zuwa makaranta. Ban ma tambaye shi ba, na ɗauka ƙuri'arsa tamu ce.

Ranar zaɓen muna tsaye bakin filin wasa cikin rana aka ce mun faɗi. Da Yaya ya fito na tare shi.

"Yaya, wa ka zaɓa?"

"Ɗayan na zaɓa, Rifkatu. Na fi yarda da shi."

A gaban jama'a na ce an saye shi. Na kira shi Yahuza, na ce daga yau ba ni da wa. Kallona kawai ya yi, ya wuce. Allah ya gafarta mini!

Ba a daɗe ba maigidana ya sami aiki a nan Khartoum. Na tafi ban yi wa Yaya sallama ba. Ɗan takararsa ya ci gwamna, kuma wata rana na ga hoto a waya: gwamnan ya rungume mutumin nan da na yi wa wahala, ya ba shi kwamishina. Su sun shirya suna dariya, ni kuwa shekara uku ban ji muryar wana ba.

Kewa ta dinga cina. Ina marmarin ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka, da gasasshiyar masara, da kiɗan tulu na zumuntar mata. Amma in na tuna hanyar gidanmu ta ƙofar Yaya take bi, sai zuciyata ta taurare. Ko Addu'ar Ubangiji muke yi a nan, in an zo wurin gafara shiru nake yi.

Wata Asabar na hau mota zuwa kasuwar Umdurman neman kuka da daddawa. Aka nuna mini wata tsohuwa, Hajja Amna, Bahausa ce Musulma, a nan aka haife ta. Da ta ji Hausata ta riƙe hannuna, ta sa aka kawo shayi.

"Ya bitti, 'yata, daga Najeriya? Kakana ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai je Makka, a nan ya tsaya. Har ya rasu yana kiran sunan ƙanensa da ya bari. Ni ban taɓa ganin garin ba, ban san kowa nawa a can ba. Ke wa kika bari?"

Na ce ina da wa, amma ba ma magana. Ta tambayi dalili, na faɗa mata. Ta ajiye kofinta.

"Saboda gwamna? Shi gwamnan ya san sunanki?"

Na yi mata sallama na tafi. A mota, muna tsallaka gada, hawaye suka ƙwace mini. Ina isa gida na durƙusa ko gyale ban cire ba. Na ce, "Yesu, na gaji. Ni ce mai laifi. Ka cire mini wannan dutsen, ni na kasa." 'Yan'uwa, na tashi jikina sakayau. Haleluya!

Nan take na kira lambar Yaya. Matarsa ta ɗauka, ta ce hawan jini ya taɓa shi bara, maganarsa ba ta fita sosai. Ni ban sani ba! Ta kara masa wayar a kunne.

"Yaya, ni ce. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan na ji ya ce, "Auta... kin ci abinci?"

Kuka na yi har maƙwabciyata ta leƙo.

Har yanzu ban je gida ba, sai an yi hutun makaranta. Amma kowace Lahadi bayan sujada muna magana, kuma kalmominsa suna ƙaruwa. Makon jiya ya ce in taho masa da dabino.

Na gode wa Ubangiji da ya bar mini shi da rai. In akwai wanda kika daina yi wa magana, 'yar'uwa, ko kai ɗan'uwa, kada ku jira zuciya ta yi laushi da kanta. Ku kai ta wurin Yesu, zai iya. Ku taya ni addu'a in same shi zaune a ƙofar gida. Amin.