An Yi Miya da Irin Tumatirin Babana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Isufu, mutumin Tawa, ina aikin gona a Zighan, wajen Sabha. Ka karanta wannan don Allah, raina a ɓace yake.

Da zan taho Libiya na ƙunso irin tumatir daga gonar marigayi babana. Tumatir ne mai tauri, yana jure zafi, in ya fara 'ya'ya sai ka gaji da tsinka. Mai gona ya ba ni ɗan gefe a ƙarƙashin dabino. Na dasa, na kafa masa sanduna, ina ban ruwa safe da yamma.

A garinmu, gindin da aka bar wa iri jan ƙyalle ake ɗaura masa, ba mai taɓawa. Haka na yi wa waɗanda suka fi kyau. Sauran da suka gama haihuwa na tuge su.

Ranar Juma'a na shiga Sabha. Ina dawowa na tarar Sani, baƙon da na saukar yana jiran motar arewa, ya tsinke su tas ya yi miya. Wai, "Yaya, na ga za su ruɓe ne, taimakonka na yi." Ko ƙwaya ɗaya bai bar mini ba. Ya yi gaba abinsa, ya bar ni da ƙyalle.

Mutanen Tawa, duk wanda babana ya taɓa ba wannan iri, ya taimaka ya aiko mini. Kai kuma Sani, in kana ji, miyar ma gishiri ya yi mata yawa.