Tagar Bakin Hanya

A wani shagon kayan gini a garin Labasa, wata dattijuwa ta tsaya gaban tagogi biyu. Wani direban motar rake yana jira a bayanta.

"Iya, zaɓi ɗaya mana, rana na yi."

"Yi haƙuri, ɗana. Guguwa ce ta kwashe tawa. 'Yata da ke Sydney ta ce in sa mai baƙin gilashin nan, ita za ta biya. Wai ba ƙura, ba mai leƙe."

"To ɗauki mana. Ta fi mai falle-fallen gilashin nan da ake buɗewa tsada, amma ta fi ta kyau."

"Kyau? Gidana bakin hanya yake. In na kulle kaina cikin wannan, ta ina zan kira mai wucewa ya shigo ya ci abinci?"

"Haba Iya! Yanzu wa ke amsa wannan kiran? Kowa godiya yake yi ya wuce."

"Akwai mai amsawa. Bara motar wani ta mutu kusa da gadarmu, ruwa yana ta dukansa. Ina kira ya shigo. Rogo da kifi ya share tas, har da rabon maigidana."

Direban ya zagayo ya dubi fuskarta.

"Gida mai shuɗin fenti?"

"Shi."

"Ashe rabon Baba na cinye! Iya, ranar ko karyawa ban yi ba. Mai shago, ba ta mai falle-fallen. Ni zan kai mata, ni zan kafa."

"Na gode, ɗana. Amma faɗa mini ranar, in ɗora tukunya biyu."